Kafin Ka Bar Akori-kurar da Ka Saba da Ita Ka Koma ta Wani Kamfani

Wanda ya shekara takwas ko goma yana tuƙa akori-kurar kamfani ɗaya ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya san ƙarar da take yi da sanyin safiya, ya san inda allurar mai take kaiwa kafin fitila ta kama, bakanikensa ma ba ya buƙatar dogon bayani. Ranar da ya fara leƙen ta wani kamfani kuwa, abu biyu ne ke jan sa. Sabo yana ce masa zauna inda kake. Ido kuma, da ya ga sabuwar fuska da ƙaton allo a gaban direba, yana ce masa tashi. Daga sabon har idon babu wanda ya san nauyin da kake ɗauka, ko irin hanyar da kake bi, kuma ba su ne za su riƙa sayen mai ba. Sau biyu na sauya kamfani, na farko cikin gaggawa, na biyu da littafi da tef ɗin awo a hannu. Abin da na koya tsakanin sauyin biyu shi ne zan shimfiɗa a nan, bi da bi.

Fara da motar da ke hannunka

Kafin ka taka wurin kowane dila, ba tsohuwar motarka wata guda na lura. Ka ajiye ɗan littafi a cikinta. Duk abin da ya ɓata maka rai, rubuta shi a ranar: kujerar baya ta miƙe tsaye har fasinja na ƙorafin ciwon baya, bodi ya yi gajarta ga bututun da kake ɗauka, tana tsalle in babu kaya, tana nishi a hawa in ta ja tirela. Haka kuma ka rubuta abin da take yi maka da ba ka taɓa gode mata ba, don shi ne abin da za ka fara kewa bayan ka rabu da ita.

A cikin watan nan ne kuma za ka auna shan manta na gaskiya. Cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da mitar tafiya sifili. Ka yi ta harkarka yadda ka saba. In ka dawo cikawa, ka sake tsayawa a katsewar farko, ka rubuta litar da ta shiga da kilomitar da aka yi. A ce ka yi kilomita 620 kuma lita 68 ta shiga: raba 68 da 620, ka ninka da 100, ka samu kusan lita 11 a kowace kilomita 100. Cikawa ɗaya ba ta isa shaida ba, sai uku a jere ko fiye. Kada ka dogara da lambar da allon motar ke nunawa, yawanci tana yi wa motar rangwame. In kuma ka taɓa sa mata tayoyin da suka fi na asali girma, ka sani mitar tana ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi.

A ƙarshen wata, ka duba littafin ka tambayi kanka ko matsalolin na kamfanin ne ko na tsufa. Shokozoba da suka mutu, da injektocin da suka gaji, da sifirin da ya kwanta, duk za su sa mota ta zama abin haushi, kuma gyaransu bai kai kuɗin sauya mota ba. In abin da ya rage bayan ka cire waɗannan ya kai dalili biyu ko uku da za ka iya faɗa a jimla guda, to sauyi ya halatta, kuma waɗannan dalilan ne ma'auninka daga nan har ƙarshe.

San aji, san kuma dangantaka

Akori-kura kashi uku ce. Akwai matsakaita masu ɗaukar kimanin tan guda, irin su Toyota Hilux, Ford Ranger, Isuzu D-Max, Mitsubishi Triton wadda ake kira L200 a wasu ƙasashe, da Nissan Navara. Akwai manya na Amurka: Ford F-150, Chevrolet Silverado, Ram 1500, Toyota Tundra. Sai waɗanda aka ƙera su kamar motar gida ba tare da cesis na daban ba, kamar Ford Maverick da Honda Ridgeline. Kwatanta shan man Maverick da na Tundra ɓata lokaci ne. Ka tsaya a aji ɗaya, sai fa in littafinka ya nuna tun asali ajin ne ba naka ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wani lokaci ka sauya tambari alhali motar ba ta sauya ba. Volkswagen Amarok da ta fito a 2022 a kan ƙashin Ranger aka gina ta, a masana'antar Ford da ke Silverton kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu. Mazda BT-50 daga 2020 D-Max ce da wata fuska, alhali wadda ta gabace ta 'yar'uwar Ranger ce. Mercedes X-Class, wadda aka yi daga 2017 zuwa 2020, Navara ce a ƙarƙashi, haka ma Renault Alaskan. Silverado da GMC Sierra tagwaye ne. Wannan sanin yana amfani ta fuska biyu. In injin ne ya kore ka, kada ka gudu ka faɗa gidan ɗan'uwansa. In kuwa injin kake so amma kujeru ko fuska ko hidimar dila ne suka ishe ka, 'yar'uwar na iya zama ainihin abin da kake nema, kuma yawancin kayan gyaranta bakanikenka ya riga ya san su.

Siffa: abin da ido ke so da abin da jiki zai biya

Ba na cikin masu cewa kyan mota ba komai ba ne. Motar da za ka gani kullum a ƙofar gida shekara da shekaru, dole ta kwanta maka a rai. Amma a akori-kura kusan kowane ado yana da kuɗin da ake biya masa a wani wurin, kuma ya kamata ka san kuɗin kafin ka amince.

Ɗauki gaban mota. Shekarun nan kamfanoni suna gasar ɗaga bonet da faɗaɗa hanci, don motar ta yi kwarjini. Sakamakon shi ne filin da direba ba ya gani a gabansa ya ƙaru. Cibiyar IIHS ta Amurka, mai binciken haɗurran mota, ta fitar da bincike a 2023 da ya nuna motocin da tsayin bonet ɗinsu ya wuce inci 40, wato kimanin mita guda, sun fi masu gajeren gaba mai gangara yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari in sun buge shi. Gwajin wannan mai sauƙi ne, kuma ina roƙon duk mai yara ƙanana ya yi shi. Zauna a kujerar direba yadda kake tuƙi, ka sa wani ya riƙe sanda mai tsayin yaro ɗan shekara uku a jikin bamba, ya riƙa ja da baya har sai ka hango kanta. Auna tazarar. Yi haka a tsohuwar motarka da kowace sabuwa da kake dubawa.

Sai rim. Manyan rim masu ƙyalli suna ƙara wa mota kyau, amma duk incin da rim ya ƙaru, gefen taya ne ke raguwa. Taya mai lamba 265/65 R17 gefenta ya kai milimita 172. Mai 265/60 R18 tana da 159. In aka kai 255/55 R20, saura 140. Wannan gefen shi ne ke shanye rami da gargada, shi ne kuma ke ba ka damar rage iska in ka shiga yashi. Wanda rayuwarsa ke kan kwalta mai kyau ba zai ji bambanci sosai ba. Wanda ke barin kwalta kullum, inci 17 ya fi masa alheri, tayarsa kuma ta fi sauƙin samu.

Bodi shi ne dalilin sayen akori-kura, amma shi ne mutane suka fi yi wa kallo ɗaya su wuce. Fito da tef. Auna tsawon ƙasan bodi da ƙofar baya a rufe. Auna faɗin da ke tsakanin tudun tayoyi biyu, don shi ne faɗin gaskiya ga duk abin da za a shimfiɗa a kwance. Ranger ta 2022, alal misali, an ƙara mata faɗin ƙafa da milimita 50 har katakon ɗora kaya na Turai mai tsawon mita 1.2 yana shiga tsakanin tudun. Auna tsayin ƙofar baya daga ƙasa in an buɗe ta, domin santimita goma na ƙari ba wasa ba ne ga mai ɗaga buhu sau hamsin a yini. Ka tsaya a gefe ka miƙa hannu: kana taɓa ƙasan bodi, ko sai ka hau taya? Ƙirga ƙugiyoyin ɗaure kaya, ka duba ko suna ƙasa ko sama. Wannan ƙarfen ado da ake kafawa a bayan kai, mai kama da kariyar kifewa, galibi ba ya kare komai, yana kuma cin wurin kaya da hana sa murfi.

Ƙarfen jiki ma abin tambaya ne. Tun daga samfurin 2015 jikin F-150 na alminiyam ne, abin da ya rage mata nauyin da ya kai kilo 300 da ɗoriya. Ba ta tsatsa irin ta ƙarfe, amma ba kowane mai gyaran bodi ne ke da kayan aikin da ilimin gyara ta ba. A ƙarshe ka auna tsawo da tsayin motar gaba ɗaya ka gwada da garejinka da ƙofar gidanka.

Lambobin da ke jikin ƙofa

Buɗe ƙofar direba ka nemi ɗan allon da ke jikin ginshiƙi. A kansa ko a littafin motar za ka ga iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai da komai da komai, wanda ake rubutawa GVM ko GVWR. Cire nauyin motar babu kaya daga wannan lamba, abin da ya rage shi ne lodinka, kuma kai da fasinjojinka kuna cikinsa.

A ce iyakar kilo 3,200 ce, motar kuma kilo 2,250. Kana da 950. Manya huɗu sun ci 320. Murfin bodi da ƙarfen gaba sun ci 150. In ka jona tirela mai kilo 3,500, kimanin kashi goma cikin ɗari na nauyinta, wato 350, yana sauka a kan ƙugiyar motar. Saura kilo 130 na kaya. Akwai kuma lamba ta biyu, GCM, iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. In 6,000 ce, cire 3,500 na tirela da 2,250 na mota, saura 250 kacal na mutane da kaya. Kusan duk matsakaitan nan suna tallar jan kilo 3,500, amma a wannan lissafin ne suke rabuwa. Ka lura kuma samfurin da ya fi tsada a kowane kamfani sau da yawa shi ne mafi ƙarancin lodi, saboda kujerun lantarki da manyan rim da sauran ƙawa duk nauyi ne.

Kayan aiki da kayan ƙawa

Jerin abubuwan da dila zai karanta maka ya kai shafi biyu. Waɗanda ke sauya rayuwarka da motar ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Na farko tsarin jan ƙafa huɗu. A yawancin akori-kura, ƙafa huɗun na wucin gadi ne: ana sa shi a laka ko yashi ko tsakuwa, a cire in an hau busasshiyar kwalta. In aka bar shi a kan kwalta, gaba da baya suna ɗaure da juna, sai ƙarafan su riƙa murɗewa a kwana har wani abu ya lalace. Tsarin Super Select na Mitsubishi yana da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, don haka ana iya tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta. Wasu samfuran Ranger da Amarok, da manyan Amurka da yawa, suna da matsayin 4A mai yin wannan aikin da kansa. Ga mai jan tirela cikin ruwan sama, wannan babban abu ne. Ga wanda ya baro irin wannan motar ya koma mai tsarin wucin gadi kuwa, ɗabi'a ce da dole ya sauya tun ranar farko. Tambayi kuma ko akwai makullin aksul na baya, wanda ke tilasta tayoyin baya biyu su juya tare in ɗaya ta rataye a sama. Zurfin ruwan da za ta iya ratsawa ma ya bambanta: milimita 800 ga Ranger da D-Max na yanzu, 700 ga Hilux.

Na biyu sifirin baya. Mai falle-falle shi ne na gargajiya, yana jure lodi, amma motar na tsalle in babu kaya. Ram 1500 ta koma sifirin mai naɗi tun samfurin 2009, Navara samfurin D23 mai ƙofa huɗu ma haka a kasuwanni da yawa, kuma laushinsu a hanya a fili yake. Sai dai ka ga yadda bayan ke zama in an ɗora rabin tan kafin ka yanke hukunci.

Na uku kariya, kuma a nan ina so ka yi taurin kai. Suna ɗaya ba ya nufin mota ɗaya a kowace kasuwa. A 2018 ƙungiyar Global NCAP, mai gwajin karon motoci tana ba su taurari, ta gwada Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa a Afirka ta Kudu, ba ta samu tauraro ko ɗaya ba a kariyar manya, alhali a lokacin a Turai akwai wata mota dabam, ta zamani, mai ɗauke da sunan NP300. Don haka taurari biyar da ka gani na takwarorinta Euro NCAP ko ANCAP na samfurin da aka gwada ne, a shekarar da aka gwada shi. Ƙirga jakunkunan iska na ainihin motar da ke gabanka. Tabbatar tana da na'urar hana zamewa ta ESC, wadda ke da matuƙar muhimmanci ga doguwar mota wadda bayanta ba shi da nauyi. In kana da jariri, nemi maƙalan ISOFIX na ɗaure kujerar jariri a kujerar baya.

Allo shi ne na ƙarshe a wurina. In yana karɓar Android Auto ko Apple CarPlay, masu haɗa wayarka da allon, ya gama aikinsa. Abin da nake dubawa shi ne ko an bar wa esi da ƙarar rediyo maɓallan da hannu zai lalubo ba tare da ido ya bar hanya ba. Kyamarar baya kam dole ce, mai nuna kewayen mota duka kuma ta cancanci kuɗinta a kan kowace kujerar fata.

Shan mai

A nan ne aka fi ruɗin mutane, kuma ruɗin yana farawa ne daga ma'auni. Wata ƙasa tana faɗin lita a kilomita 100, wata kilomita a lita guda, wata mil a galan. Galan ɗin ma biyu ne: na Amurka lita 3.785, na Ingila lita 4.546. Motar da aka ce tana yin mil 25 a galan, in a Amurka ne lita 9.4 ke nan a kilomita 100, in a Ingila ne 11.3. Hanyar juyawa: raba 235 da lambar Amurka, ko 282 da ta Ingila. Mayar da komai lita a kilomita 100 kafin ka jera su, domin shi ne ma'aunin da ba ya ɓoye girman bambanci. Tashi daga kilomita 8 a lita zuwa 10 yana rage maka lita 2.5 a kowace kilomita 100, amma daga 12 zuwa 14 bai fi lita 1.2 ba, ko da yake a ido tazarar ɗaya ce.

Bayan ma'auni sai gwajin da ya haifar da lambar. Turai ta bar tsohon gwajin NEDC ta koma WLTP daga 2017 saboda tsohon yana ba da lambobin da ba a samu a hanya. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, tana haɗa kashi 55 na tuƙin gari da kashi 45 na babbar hanya, kuma manyan akori-kura masu iyakar nauyi sama da fam 8,500 ba a ma ba su lamba. Lambar wani gwaji ba ta kwatantuwa da ta wani. Dukkansu kuma babu lodi, babu tirela, babu ƙarfen ɗora kaya a kan rufi. Ga dabarar da ta fi yi mini aiki: nemo lambar kamfani ta tsohuwar motarka, ka gwada da wadda ka auna da hannunka. In kamfani ya ce 8.5 kai kuma ka samu 11, to tuƙinka da hanyarka suna ƙara kusan kashi 30 cikin ɗari. Ɗora wannan kason a kan lambar sabuwar motar, muddin gwaji iri ɗaya ne, za ka kusanci gaskiya.

Dizal ko fetur? Litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da kashi goma da 'yan kai cikin ɗari, injinsa kuma ya fi iya tatsar ƙarfin, shi ya sa yake shan ƙasa da na fetur, musamman da lodi. Ƙarfin jansa yana zuwa tun injin bai ɗaga murya ba: a ma'aunin ƙarfin ja na Nm, injin lita 2.8 na Hilux mai otomatik yana ba da 500, 3.0 na D-Max 450, V6 na Ranger 600. Amma dizal na zamani yana da sharuɗɗa. Da yawa suna da matatar hayaƙi ta DPF a salansa, wadda ke tara baƙin toka sannan ta ƙone ta in motar ta yi doguwar tafiya da zafi. Wanda tafiyarsa ba ta wuce minti goma-goma cikin cunkoso zai riƙa ganin fitilarta, toshewarta kuma gyara ne mai nauyi. Tana buƙatar dizal mai ƙarancin sulfa, irin na Turai da bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, da baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka. Wasu kuma suna shan ruwan AdBlue mai tsabtace hayaƙi a wani tanki dabam, in ya ƙare injin ba zai sake tashi ba. In man da kake samu ba mai tsabta ba ne, ko tafiyarka gajeru ce, injin fetur mai sauƙin hali kamar 2.7 na Hilux zai fi shan mai amma zai fi barinka ka yi barci.

Ƙaramin inji mai turbo shi ne yayin yanzu. Tundra ta bar V8 ta koma V6 mai turbo biyu a samfurin 2022, Toyota Tacoma ta koma silinda huɗu a 2024. Irin waɗannan suna tsimi in ana lallaɓa su babu kaya. Da zarar an ɗora nauyi turbo ya fara aiki sosai, tazarar da ke tsakaninsu da babban inji tana raguwa ƙwarai. Masu haɗa inji da batir ma iri-iri ne. Tsarin ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 48 da aka sa wa Hilux a 2024 taimako ne kaɗan. F-150 PowerBoost cikakken haɗi ne, har tana ba da wutar da ta kai kilowat 7.2 ga kayan aiki a bodi. Masu caji a soket, kamar BYD Shark 6 da Ranger ta irin wannan tsari, lambarsu ta kamfani tana da daɗin ji ne saboda an fara gwajin da cikakken batir. Tambayi abin da suke sha bayan batir ya sauka, don shi ne za ka gani a doguwar tafiya.

Daga nan sai ka yi lissafin shekara. Mai yin kilomita 25,000, in ya tashi daga lita 11 zuwa 9.5, ya tsira da lita 375, kusan cikin tanki biyar na lita 80. Ninka da kuɗin lita, ka ajiye kusa da cikon da za ka yi don sauya motar, da bambancin inshora da na sabis. Sau da yawa za ka ga tsimin mai shi kaɗai sai ya shekara da yawa kafin ya biya cikon. Kuma wani ɓangare na wannan tsimin yana ƙafarka tun yanzu: turjiyar iska a gudun 120 ta fi ta gudun 100 da kashi 44 cikin ɗari, tayoyin laka masu manyan haƙora da ƙarfen ɗora kaya na rufi da ɗaga mota duk suna ƙara sha. Sauke ƙofar bodi don tsimi kuwa ba ya taimakawa, a bar ta a rufe.

Gwajin tuƙi

Zagayen minti goma da dila a gefenka yana magana ba gwaji ba ne. Nemi awa guda aƙalla, ko ka yi hayar irin motar na kwana biyu in da hali. Ka gwada motoci biyu ko uku a hanya ɗaya, a rana ɗaya in zai yiwu, da tsohuwarka a cikinsu. Kashe rediyo. Bi gargada babu kaya, ka saurari baya. Hau tudu daga tsaye ka ji ko akwai jinkiri tsakanin taka totur da tashin mota. A otomatik mai giya da yawa, lura ko tana yawan neman giya a hawa. Yi kwana cikakkiya a ƙaramin fili, ka yi ribas zuwa wurin ajiya mai matsi. Sannan ka ba wani tuƙin ka koma kujerar baya na minti ashirin, gwiwa da baya za su faɗa maka abin da takarda ba ta faɗa ba. Kawo kujerar jaririnka, da akwatin kayan aikinka, da duk abin da ba ya rabuwa da motarka, ka sa su a inda za su zauna.

In ta hannu ce, ka zo da bakanike mai na'urar karanta kwamfutar mota. Ya shiga ƙarƙashi ya duba cesis ko akwai tsatsa, ko walda, ko lanƙwasa a daidai tsakanin kai da bodi, alamar an sha yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Lambar cesis mai harafi da lamba 17 ta dace da ta takardu. A tayar da injin yana sanyi, a gabanka.

Abin da ba ya binka zuwa sabon gida

A sauyina na farko na ɗauka murfin bodi da rim huɗu masu sababbin tayoyi za su bi ni. Ranar da muka ɗora murfin, gefe ɗaya ya zauna, ɗayan ya bar ramin da hannu ke shiga, rim ɗin kuma ramukan notinsu ba su hau ba. Dole na sayar da su da asara. Hilux da Ranger da D-Max da Triton suna da noti shida a da'irar milimita 139.7, Navara ta D40 da D23 114.3, F-150 135, tsohuwar Amarok kuwa noti biyar ne. Ko inda da'irar ta zo ɗaya, ramin tsakiya da zurfin rim na iya saɓawa. Lissafa duk ƙarin da ke jikin tsohuwar motarka a matsayin abin da za ka sake saye, ƙugiyar tirela da wayoyinta ma suna ciki.

Bakanikenka ma wataƙila ba zai bi ka ba. Je ka same shi kafin ciniki, ka tambaye shi tsakani da Allah ko ya san injin kuma na'urarsa tana karanta shi. Ka ɗauki jerin abubuwa shida zuwa wurin masu kayan gyara: filtar mai, filtar iska, takalmin birki, injekta guda, fitilar gaba, gilashin gaba. Tambayi kuɗin kowanne da kwana nawa yake ɗauka kafin ya iso, na tsohuwar motar da na sabuwar. Kamfanonin Sin irin su GWM da JAC suna ba da kayan ƙawa masu yawa a farashi mai sauƙi, kuma wannan jerin ne zai nuna maka ko sun kafu a inda kake. Tambayi kuma ko taimin ɗin injin sarƙa ce ko bel. Injinan GD na Hilux sarƙa ne, tsofaffin KD bel, 2.0 na dizal da Ford ta daɗe tana sa wa Ranger kuma bel ne mai gudu cikin baƙin mai, wanda ba ya yafe man da ba nasa ba. Karanta sharuɗɗan garanti, shekara nawa, kilomita nawa, da abin da ke soke shi.

Tsohuwar motar, ka nemi farashinta a wurin masu saye biyu ko uku kafin dila ya yi maka tayin musaya, kuma ka sa a yi cinikin sabuwar dabam da na tsohuwar. Takardun sabis da ka adana suna ƙara mata daraja.

Makon farko da sabuwar, hannunka zai riƙa kunna abin goge gilashi in kana neman sigina. Duba ɗan kibiyar da ke kusa da hoton famfo a allon mai, tana nuna gefen da murfin tanki yake. In ka tashi daga fetur zuwa dizal, manna takarda a murfin, kuma in aka yi kuskuren zuba fetur kada ka murɗa makulli ko kaɗan, a ja motar a zubar da tankin. Nemo inda jak da safaya suke ka gwada sauke ta a gida da rana. Iskar taya tana da lamba biyu a jikin ƙofa, ta babu kaya da ta lodi. Sannan ka buɗe sabon shafi a littafin nan, ka cika tanki har famfo ya katse, ka mayar da mita sifili. Sabon inji yakan ɗan fi sha a dubban kilomitocin farko, don haka ka bari sai cikawa ta biyar ko ta shida kafin ka ajiye lambar kusa da ta tsohuwar.